Kwat ɗin Kaka da Ƙofar Maigadi

Tun da Kaka ya rasu, duk wanda ya shigo gidanmu a unguwar Television yin gaisuwa magana ɗaya ce a bakinsa, sai ka ce a bakin layi ake raba musu ita. Su zauna ƙarƙashin kanofi, su ce sannunku da haƙuri, su girgiza kai, sannan su sauke murya: "Kai, Baba ba ya wasa." Tsofaffin ɗalibansa, masu furfura da tumbi, suna faɗin haka suna gyara zama, kamar zai leƙo ta taga ya tambaye su aikin gida. Akwai wani babban ma'aikacin gwamnati da ya zo da direba. Da idona na gan shi ya tsaya a bakin ƙofa ya cusa riga cikin wando kafin ya shigo. Fasto ya ce duk zamansa a cocinmu bai taɓa ganin haƙoran Kaka ba. Kawu ya ce ai ba Fasto kaɗai ba, ko likitan haƙori sai da ya haɗa shi da Allah kafin ya buɗe baki.

Mutum ɗaya ne bai shigo ba. Yana can bakin layinmu, inda hanyar ƙasa ta haɗu da kwalta, cikin kakinsa da ya koɗe, da usur rataye a wuya, tsaye ƙyam cikin rana. Maigadi muke ce masa. Zan zo kansa. Yanzu dai ku riƙe cewa tun da aka kwantar da Kaka a asibiti mutumin nan yake wuni a tsaye ba ci ba sha, kuma duk unguwa ta san dalili.

Ni kuwa duk mai ce mini Baba ba ya wasa, ji nake kamar in kifa masa kujerar roba a ka. Ni za a gaya wa? Ni ne jikansa na fari. A wurinmu kaka abokin wasa ne, haƙƙinka ne tun daga haihuwa. Ka ce masa tsoho ya ƙi mutuwa, ka ce za ka ƙwace masa mata, shi kuma ya bi ka da sanda yana zagi, kowa ya ji daɗi. Sa'o'ina duk sun more wannan. Ni kuwa Allah ya ba ni hedimasta mai ritaya, wanda in na ce masa zan ƙwace Mama Tsohuwa, matarsa, sai ya cire tabarau ya tambaye ni ko na gama rufin ɗakin da zan sa ta.

Kuma fa ni ba ƙaramin mai barkwanci ba ne. Litinin zuwa Juma'a ina kula da sito a wani kamfani a Kudenda, amma ranar Asabar ni ne emsi, mai riƙe makirfo a wurin biki. Daga Television har Unguwar Mu'azu, auren da ba a ji muryata ba, to sa hannu kawai aka yi. Na taɓa sa uwar amarya dariya har gwaggwaronta ya faɗa cikin tukunyar shinkafa. Na taɓa sa wani fasto ya shaƙe da lemo, sai da aka yi masa addu'ar da ya zo yi wa mutane. Amma tsohon da ke cikin gidanmu, na yi furfura ina fama da shi, ko gefen bakinsa bai taɓa motsi ba.

Ba hana ni yake yi ba. Da hanawa ce da sauƙi. Saurara yake yi, har ya rage muryar rediyo. In na kai inda jama'a suke faɗuwa ƙasa, sai ya ce, "To, sai me ya faru da mutumin?"

Akwai labarina na wani mai babbar riga da ya hau acaɓa, iska ta lulluɓe su shi da ɗan acaɓan, suka wuce kai tsaye cikin kwata. Labarin nan ya ciyar da ni shekaru. Na kawo wa Kaka shi da zafinsa.

"Ya ji ciwo?" in ji shi.

"Kaka, labari ne."

"Yana da iyali?"

"Kaka, ni na ƙirƙiro shi!"

"Kai ka ƙirƙiro shi, kai ka jefa shi a kwata, kuma ka taho ka bar shi a can. To, koma ka fito da shi."

Ku gaya mini, da irin wannan mutum ina za a kai ƙara?

Kwat yake sawa kullum, ruwan toka, da taye. A watan Afrilu, lokacin da ƙadangare kansa ke neman inuwa, Kaka yana zaune a baranda da maɓalli a ɗaure har wuya. Tuwo yake ci kamar yana duba jarrabawa. In akuya ta shigo gida ba ya ce mata "kur", sai ya tashi ya nuna mata ƙofa. Kuma tana fita.

Asalin wannan ciwo wani littafi ne. Wani Fada, Baturen limamin coci, ya ba shi tun yana kwalejin horon malamai, tsohon littafin barkwanci na mutanen Sifen da aka mayar Turanci, kauri kamar bulo, bangonsa ya sha ɗinki har ya gaji. Labarin wani dattijo ne da ya ɗora wa kansa aikin da babu wanda ya sa shi, ya riƙe shi da gaske, duniya kuma ta yi ta jibgarsa tana dariya. An ce ko'ina aka karanta shi dariya ake yi. Kaka kuwa duk damina sai ya ɗauko shi, ya zauna yana karantawa da fuskar mai jiran sakamakon asibiti.

Na taɓa tambayar Mama Tsohuwa, wadda ita kam ta san haƙƙin jika, tana kirana maigidanta. Na ce, "Uwargida, tsakani da Allah, mutumin nan ya taɓa dariya?"

Ta ce, "Shi? Karatunsa na farko, muna sabon aure, dariya ya yi har ya faɗo daga gado, maƙwabta suka zaci dukansa nake. Karatu na biyu ne ya lalata mini miji."

Lokacin da na fara riƙe makirfo, shi da kansa ya miƙo mini littafin, ya ce tun da na zaɓi dariya ta zama sana'a, in je in ga babban gidanmu. Na karanta. Jama'a, na yi dariya har matata ta kwashe yara ta koma falo. Na dawo masa da shi ina murna, na ce yau dai mun samu abin da ya haɗa mu.

"Ka yi dariya?"

"Har haƙarƙarina yana ciwo."

"Da wa ka yi ta?"

"Kamar yaya da wa? Ni kaɗai, a ɗakina."

"A cikin littafin akwai masu yi masa dariya. Ka lura da su? Waɗanda suka ci suka ƙoshi, suka rasa abin yi, suka zauna suna shirya masa wasa. Su suna benci ɗaya, shi yana ƙasa. Kai a ina ka zauna?"

Na ce, "Kaka, don Allah. Wanda ya rubuta abin nan dariya yake so a yi. In ba haka ba ai da wa'azi ya rubuta."

"Ai wa'azin ya rubuta. Ya san in ya kira shi wa'azi irinku ba za su zo ba."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu kamar a aji. Ya ce in duba da kyau, dattijon nan bai taɓa ɗaukar aikinsa wasa ba. Da zai juyo ya kashe wa mai karatu ido, ya nuna shi ma ya san shirme yake yi, da dariyar ta mutu a nan take. Duk abin da ke ba ni dariya a kan gaskiyar mutumin yake tsaye. "Shi yana ɗauke da kaya," in ji Kaka, "kai kana bisa kayan kana kaɗa ƙafa." Sannan ya tambaye ni ko na kai ƙarshe. Na ce na kusa, ai littafin ba ya ƙarewa. Ya ce in je in kai, in ga ranar da hankalin dattijon ya dawo, ko ya daɗe a duniya bayanta.

Mun yi wannan gardama shekara da shekaru. Ni ina cewa abin dariya abin dariya ne, shi yana cewa ba a hana ni dariya ba, amma in na gama in sauko in taya mutum tashi. Har ya rasu ba wanda ya sauka daga kan bakansa, kuma kada wani ya ɗauka na sauka yanzu.

To, Maigadi. Mutumin Filato ne, ya yi ƙuruciyarsa yana gadin ƙofar wata masaƙa. Da aka rufe masaƙar, kowa ya watse neman abin yi, shi kuwa kansa ya tsaya a ranar ƙarshe ya ƙi wucewa. Yana zaune wurin ƙanwarsa a bayan layinmu. Kullum da asuba sai ya sa kaki, ya zo bakin layi ya tsaya, ya ce nan ce ƙofarsa. Babu ƙofa, babu ƙarfen tare hanya, kwata ce da teburin mai ƙosai. Masu keke napep su sara masa suna ihu, "Oga, a buɗe mana!" Shi kuma ya ɗaga ƙarfen da babu, su wuce suna ƙyaƙyatawa. Ba ya barin wurin sai an karɓi rahotonsa an sallame shi, domin a ganinsa maigadin da ya bar ƙofa ba sallama ɓarawo ne.

Kaka ne kaɗai ya ɗauki maganar nan yadda Maigadi ya ɗauke ta. Kullum da hantsi sai ya ɗaura taye, ya ɗauki sanda, ya taka har bakin layi. Maigadi ya buga ƙafa ya sara.

"Ranka ya daɗe, ƙofa lafiya. Babu wanda ya shiga ba izini."

"Madalla. An gode da aiki. Tashi ka je ka ci abinci."

Shi ke nan. Maigadi ya tafi gida ya ci, ya kwanta, sai gobe. Ruwa ko rana haka ake yi. Da ƙafa ta gaza, a kujera muke ɗaukar Kaka mu kai shi, ni da ƙannena, muna nishi kamar masu ɗaukar firji, don a je a karɓi rahoton ƙofar da babu. Wani dattijon coci ya taɓa cewa a zaunar da Maigadi a gaya masa gaskiya, masaƙa ta mutu, ya daina wahalar da kansa. Kaka ya ce, "In ka ƙwace masa ƙofar, me ka tanadar masa a madadinta?" Dattijon bai sake tayar da maganar ba.

A kan Maigadi muka yi babban faɗanmu. Bikin ƙanwata ne, ni ke riƙe da makirfo, na samo usur na kwaikwayi tsayuwarsa da buga ƙafarsa da ɗaga ƙarfen nan. Wuri ya kece. Mata suna share hawaye da bakin zani. Sai Kaka ya miƙe daga teburin manya, ya ɗaura maɓallin kwat, ya bi ta tsakiyar fili a hankali ya fice, a bikin jikarsa. Washegari na je da fushina. Kafin in yi magana ya ce, "Ka iya tsayuwarsa. Abu ɗaya ka rasa, shi da gaske yake yi." Har gobe ina cewa wasan ya yi kyau, kuma ficewar tsoho daga teburin manya ba hali ba ne. Ba mu yi wa juna magana ba sai da Kirsimeti ta zo, Mama Tsohuwa ta zuba mana abinci a kwano ɗaya ta ce wanda ya ga dama ya kwana da yunwa.

Amma zan faɗi wannan, don kada a tuna da shi a matsayin dutse mai taye. Ranar da mahaifina ya rasu, ɗansa na fari, mutane suna shigowa suna kallona, har a wurin makoki jira suke in ce wani abu da zai sassauta musu. Kaka ya kira ni ɗakinsa, ya nuna mini gefen gado, ya ce, "Zauna. Yau ba sai ka ba kowa dariya ba." Muka zauna shiru har rana ta yi sanyi. Ban taɓa samun hutu irin na ranar ba.

Da aka kwantar da shi a asibiti, rahoto ya tsaya. Maigadi ya ci gaba da zuwa da asuba, hantsi ya yi, rana ta take, babu mai sallamarsa. Sai magariba ƙanwarsa take janye shi da kuka. Kawu ya je ya ce masa tafi gida, Maigadi ya ce bai san shi a ofis ba. Da Kaka ya cika aka gaya masa, ya ce shi ba a kawo masa sanarwa ba. Kakin nan ya fara yi masa yawa, leɓensa ya tsattsage. Kowa yana cewa abin tausayi, kowa yana wucewa.

A cikin gida kuma wata rigimar ce. Al'adarmu ce in tsoho ya mutu da cikar shekaru, kafin a ɗauke shi, jikoki su sa kayansa su kwaikwaye shi, a yi dariya, a nuna ya bar baya. Goggo, babbar 'yarsa, shugabar zumuntar mata, ta ce ba a gidan nan ba.

"Babu wanda zai sa kayan Baba ya yi masa shaƙiyanci. Musamman wannan," ta nuna ni da baki, ni da nake da 'ya a jami'a. "Da ransa bai yarda ba, sai da ya mutu?"

Mama Tsohuwa ta ce, "Sai a kai shi ƙauye shiru kamar wanda bai haifa ba? Ke kika aure shi ko ni?"

"Mama, mutane za su ce..."

"Su ce." Ta shiga ɗaki ta fito da kwat ɗin da taye, ta jefa mini a cinya. "Maigida, sa. Abokin takararka ya bar maka fili."

Ranar ɗaukar gawa, da safe, motar asibiti ta kawo akwatin gawar har gida aka yi addu'a. Sai na fito. Kwat ya matse ni a ciki kamar an ɗaure buhu, tabarau a karan hanci, sanda a hannu, littafin nan a hammata, sauran jikoki a bayana. Ban yi murmushi ba ko kaɗan, domin wa zai kwaikwayi Kaka da haƙora a waje? Na tsaya gaban babban ma'aikacin nan na ce ya nuna mini farcensa. Wallahi ya miƙo. Na nuna wa wata akuya ƙofa. Fasto ya ce wani abu, na cire tabarau na ce, "To, sai me ya faru da mutumin?" Kanofi ya kusa tashi sama. Goggo kanta ta toshe baki da zani, kafaɗunta suna rawa. A raina na ce, tsoho, yau dai na rama.

Haka muka jera, ni a gaba, mota a baya tana tafiya a hankali, jama'a suna bi da waƙa da dariya, har bakin layi. Ni kam na manta da Maigadi sarai. Shi bai manta da kwat ba. Yana hango shi ya busa usur, ya buga ƙafa har sai da ya yi tangaɗi, ya sara.

Waƙa ta tsaya. Na ji jama'a sun ja numfashi, irin jan da na sani sarai, na mutanen da suka shirya fashewa. Wayoyi sun tashi sama. Kuma ina da magana a kan harshe, mai kyau, wadda da na sake ta da har Kudenda an ji dariyar. Sai na ga tsattsagaggen leɓensa. Tambayar banzan nan da ta hana ni sakat tun ina saurayi ta taso mini daga cikin kwat ɗin, kamar a aljihu aka bar ta.

"Ranka ya daɗe, ƙofa lafiya," in ji Maigadi. "Babu wanda ya shiga ba izini." Sai ya ƙura wa fuskata ido. Ba wawa ba ne. "An yi canjin oga ne?"

Na ce, "An yi."

"Tsohon fa?"

"Ga shi nan a mota. Za mu kai shi gida. Ana neman izinin fita."

Ya dubi motar, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya taka gefe, ya kama ƙarfen da babu da hannu biyu, ya ɗaga shi a hankali har sama, ya riƙe. Direba ya wuce ta ƙarƙashi, har da sunkuyar da kai. Babu wanda ya yi dariya. Mai ƙosai ce ta fara kuka, zumuntar mata suka karɓa.

Da motar ta hau kwalta ya sauke ƙarfensa, na ce, "Madalla. An gode da aiki. Tashi ka je ka ci abinci."

Ya sara, ya juya, ya bi ƙanwarsa.

Ni na zaci magana ta ƙare a nan. Muka dawo daga ƙauye, washegari zan tafi aiki, ga mutum a bakin layi yana jirana. Na je a cikin rigar aiki na ce madalla, an gode. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi ba ya ba leburori rahoto. Sai da na koma gida na sa kwat. Na kai kuka wurin Mama Tsohuwa, na ce a nemi wani ya karɓi kayan nan. Ta ce ai ba ita ta zaɓe ni ba. Tun a asibiti Kaka ya ce kwat ɗin a ba mai surutun nan, shi ne ya iya tsayuwa a gaban jama'a.

Kun ji. Mutumin da ya hana ni haƙƙina na jika tun ina rarrafe, ashe ajiye wasansa ya yi, guda ɗaya tak, sai da ya tabbata ba zan iya ramawa ba. Yanzu duk safiyar Allah, ni da ake biya in sa mutane dariya, ina tsaye gefen kwata cikin kwat da taye, gumi yana bin bayana, fuska a ɗaure, masu keke napep suna kirana Hedimasta. Maigadi kuwa ya mayar da jiki, har kumatu ya yi. Littafin ma yana wurina. Na kai ƙarshensa, kuma ba zan gaya wa kowa yadda na yi ba.

Ka ci wasan, tsoho. Allah ya ba ka hutu, ya sa ka a inuwa mai sanyi inda za ka iya kwance taye. In mala'iku sun ba ka labari mai daɗi, don girman Allah ka yi musu dariya, kada ka tambaye su abin da ya faru da mutumin. Mutumin yana nan lafiya. Ya ci abinci.